Wayar Tarho ta 'Yan Kasuwa Ranar da Hanya ta Yanke

Jawabin kimiyya na wannan mako a kan wayar tarho ne, musamman irin wadda ke bi ta intanet, da kuma dabarun da ɗan kasuwa zai yi don kada magana ta yanke tsakaninsa da abokan cinikinsa ranar da aka ɗauke wuta ko hanyar sadarwa ta lalace.

Wannan batu ya shafi duk wanda abincinsa ke zuwa ta waya. Akwai mahauci a Landan wanda masu gidajen abinci ke bugo wa tun da asuba su faɗi naman da za a kai musu. Akwai mai sayar da tikitin jirgin sama a Kumasi, akwai kuma mai aika kaya daga Jidda zuwa Injamena. Irin waɗannan mutane wayarsu ita ce ƙofar kantinsu ta biyu. Wanda ya zo kanti ya tarar da ƙofa a rufe ya kan ɗan jira, ko ya komo an jima. Amma wanda ya buga waya sau biyu bai ji ta shiga ba, sai ya nemi lambar wani. Irin wannan hasara kuwa ba a ganinta, domin cinikin da bai zo ba ba ya shiga littafin akawu.

YADDA TSOHUWAR WAYA KE AIKI

Kafin a gane sabuwar waya, wajibi ne a tuna da tsohuwar. A cikin 1876 ne Alexander Graham Bell ya sami takardar mallakar fasahar tarho a Amurka. A watan Janairu 1878 kuma aka buɗe gidan haɗa waya na farko don jama'a a garin New Haven, da masu waya 21 kacal. Tun daga nan har aka yi shekara 100 da ɗoriya tushen abin bai sake ba. Daga gidan waya a kan jawo silin jan ƙarfe guda 2 har kan teburin mai tarho. In ya nemi wani, sai a haɗa silinsa da na wancan, da fari da hannun ma'aikaci, daga baya da inji, hanyar kuwa ta zama tasu su kaɗai har su gama magana.

Wannan tsari yana da wata babbar fa'ida wadda mutane da yawa ba su lura da ita ba sai da suka rasa ta. Wutar da tarhon ke aiki da ita daga gidan waya ta ke zuwa, ta cikin silin nan da ke ɗauke da murya, ƙarfinta kimanin bolt 50. A gidan waya kuwa akwai manyan batura jere, da injin wuta a shirye bayansu. Saboda haka ko da gari duka ya yi duhu, mutum na iya lalubar tarhonsa ya ɗaga, ya ji layi na nan da ransa.

Amma fa yana da aibinsa. Layin a ɗaure ya ke da silin. In itace ya faɗo ya tsinke shi, ko masu haƙar titi suka sare shi, ko gobara ta ci kantin, to, tarhon ya mutu ke nan sai ma'aikata sun zo gyara. Mai shi ba shi da ikon ɗaukar layinsa ya tafi da shi wani wuri ya ci gaba da aiki.

YADDA TARHON INTANET KE AIKI

Sabuwar waya ba ta riƙe hanya guda daga farkon magana zuwa ƙarshe. Sa'ad da mutum ya yi magana, na'urar da ke cikin tarhon ta kan mai da muryarsa lantarki, sa'an nan ta auna ƙarfin wannan lantarki sau da yawa, ta mai da kowane awo lamba. A tsarin da aka fi sani, sau 8,000 a ke yin awon cikin sakan 1. Daga nan sai a tara awo 160 a ƙulle su ƙunshi guda, a rubuta adireshin wanda za a kai wa, a sa wa ƙunshin lambar jeri, a jefa shi cikin intanet. Watau ƙunshi 50 ke fita kowane sakan.

Misalin abin kamar attajiri ne wanda, maimakon ya yi shatar mota guda, sai ya rarraba kayansa ƙananan ƙunshi, ya rubuta suna da lamba a kan kowanne, ya riƙa ba kowace motar da ta zo wucewa. Wakilinsa a can ya karɓa, ya jera su bisa lamba, kaya su koma yadda su ke. Bambancin kawai shi ne kaya na iya kwana a hanya, murya kuwa ba ta jira. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, wadda a ke kira ITU, ta ba da shawara kada jinkirin murya daga bakin mai magana zuwa kunnen mai ji ya wuce kashi 150 cikin 1,000 na sakan, in ana so hira ta tafi sumul. Ƙunshin da ya makara ƙwarai jefar da shi a ke yi. Shi ya sa in hanya ta cunkushe a kan ji magana tana tsintsinkewa.

Wani kamfani mai suna VocalTec ne ya fara sayar wa jama'a manhajar yin irin wannan kira a cikin 1995. A lokacin abin sha'awa ne kurum ga masu kwamfuta. Yanzu kuwa ofisoshi da kantuna masu yawa sun koma kansa, ƙasashe da dama kuma suna rufe tsohon tsarin. A Birtaniya kamfanin BT ya fara sa ƙarshen 2025 ya zama lokacin rufewa, daga baya a cikin 2024 ya ɗaga zuwa ƙarshen Janairu 2027.

Akwai abu guda da ya kamata mai sauraro ya riƙe da kyau, domin a kansa sauran bayanin ya dogara. A sabon tsari lambar tarho a cikin babbar kwamfutar kamfanin da ya ba da layin ta ke zaune. Da zarar an kunna tarhon tebur, sai ya aika wa wannan kwamfuta saƙo ya ce ga shi a wuri kaza, ya ba da suna da kalmar sirri, ita kuwa ta rubuta shi cikin rajista. Bayan kowane ɗan lokaci ya kan sake aika saƙon don a san yana nan. In wani ya buga lambar, kiran ya kan fara isa kwamfutar kamfani, ta duba rajista, sa'an nan ta tura shi inda tarhon ya ce ya ke. Abin ya yi kama da akwatin gidan waya: mai shi na iya sake gida sau 10, lambar akwatinsa tana nan yadda ta ke. Saboda haka lamba guda na iya ƙara a tarhon tebur, da manhajar da ke cikin wayar salula, da kwamfutar da ke gida, duk a lokaci ɗaya.

Ke nan an yi musanya. Ɗan kasuwa ya sami 'yancin tafiya da lambarsa duk inda ya so, amma wani nauyi da a dā ke kan gidan waya ya dawo kansa. Maganarsa yanzu a rataye ta ke da abu 3: wutar da ke kantinsa, da hanyar intanet da ta haɗa kantin da duniya, da kamfanin da ke riƙe da lambar. Ko wanne ya faɗi, magana ta yanke, kowanne kuwa da irin maganinsa.

NA FARKO, WUTA

A daren 26 ga Nuwamba 2021 wata guguwa da aka sa wa suna Arwen ta auka wa Sikotland da arewacin Ingila. Gidaje kusan miliyan 1 suka rasa wuta, wasu dubbai har suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Waɗanda aka riga aka mai da layinsu na intanet suka ɗaga tarho suka ji shiru, a wurare da yawa kuma salula ma ta ɗauke, domin baturan turakunta sun ƙare. Koke ya yi yawa, har a watan Maris 2022 kamfanin BT ya nemi gafara, ya dakatar da sauya wa mutane layi na wani lokaci.

Dalilin a fili ya ke. Igiyar zamani, wadda a ke kira faiba, zaren gilashi ce, haske ke bi ta cikinta, ba ta ɗaukar lantarki. Akwatin da faibar ke shiga a jikin bango, da akwatin intanet wanda a ke kira rauta, da tarhon kansa, duk daga wutar kanti su ke ci. Tun a cikin 2018 hukumar Ofcom, mai kula da sadarwa a Birtaniya, ta ce wa kamfanoni su tanadi hanyar da mutum zai iya kiran lambar gaggawa na aƙalla awa 1 bayan ɗaukewar wuta. Awa 1 ta isa neman taimako, amma ba ta isa yinin ciniki ba. Sauran aikin na mai kanti ne.

Maganin shi ne akwatin batir wanda ke karɓar aiki nan take in wuta ta ɗauke, irin wanda a ke kira UPS, ko kuwa inbata da batir. Janareta shi kaɗai bai wadatar ba, domin kafin a tashe shi na'urorin sun mutu, kiran da a ke ciki ya yanke, kuma rauta ta kan ɗauki 'yan mintoci kafin ta farfaɗo. Lissafin girman batir ba shi da wuya. Kowace na'ura an rubuta a jikinta, ko a jikin cajarta, wat nawa ta ke ci. A ɗauka akwatin faiba na cin wat 6, rauta 10, tarho 4, jimla 20 ke nan. Wanda ke son awa 8 sai ya ninka 20 sau 8, ya sami 160. Ƙaramin batir mai bolt 12 da amfiya 7, wanda a kan samu cikin ƙananan UPS, abin da ya ke riƙewa 12 sau 7 ne, watau 84. A takarda wannan awa 4 ce da 'yan mintoci, amma a aikace ba ta kai haka, domin wani kashi na wutar ya kan salwanta ya zama zafi, kuma batirin dalma ba ya son a tatse shi ƙarƙaf. Saboda haka mai son awa 8 sai ya nemi abin da ya kai irin wannan batir guda 3.

Sharaɗi guda shi ne kada a haɗa wa batirin komai sai kayan waya. Fanka ko injin buga takarda ko butar shayi za su shanye da wuri abin da zai riƙe tarho yini guda. Har wa yau batirin dalma ya kan raunana bayan shekara 3 zuwa 5, a ƙasashe masu zafi ma tun kafin haka. Mutanen Gana, waɗanda suka sha fama da ɗaukewar wutar da su ke kira dumso, ba su bukatar dogon bayani a kan wannan. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne mazauna ƙasashen da wuta ba ta cika ɗaukewa ba, domin su ne ba su yin tanadi. An ga haka ranar 28 ga Afrilu 2025, sa'ad da wuta ta ɗauke a kusan duk faɗin Sifen da Fotugal, layukan waya suka riƙa mutuwa bi da bi yayin da batura ke ƙarewa.

NA BIYU, HANYA

Wuta na iya kasancewa lafiya lau, hanyar intanet ta yanke. Da asubahin Jumma'a 8 ga Yuli 2022 ma'aikatan kamfanin Rogers na Kanada suna cikin wani gyara a manyan na'urorinsu, sai aka yi kuskure guda, na'urorin suka cika suka tsaya. Mutane fiye da miliyan 12 suka wayi gari ba salula ba intanet, yini guda cur, wasu ma har kashegari. Tsarin biyan kuɗi da kati mai suna Interac ya tsaya, kantuna suka koma sai tsabar kuɗi, mutane da yawa kuma suka kasa kiran lambar gaggawa ta 911.

Abu 2 ne abin lura cikin wannan labari. Na ɗaya, salular kamfanin da intanet ɗinsa na gida duk ta cibiya guda su ke bi. Wanda ya ɗauki intanet na kanti da layin salula duk daga wannan kamfani, yana zaton hanya 2 gare shi, ashe guda ce. Ƙananan kamfanonin da ke ƙarƙashinsa, irin su Fido da Chatr, su ma tare suka faɗi. Na biyu, binciken da aka yi daga baya ya nuna ma'aikatan kamfanin da kansu da layin kamfanin su ke magana da juna, har sai da aka aika musu da katin sim na wasu kamfanoni kafin su iya haɗa kai su yi gyara. In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, sai mutum ya shafa wa nasa ruwa.

Darasin shi ne hanya ta biyu sai ta bambanta da ta farko ta fuska 2: kamfani dabam, iri kuma dabam. In ta farko igiya ce da ke bi ta ƙasa, ta biyu ta zama salula mai bi ta iska. Wajibi ne kuma a yi tambaya, domin bambancin suna ba ya nuna bambancin hanya. A Birtaniya, alal misali, kamfanoni da yawa masu sayar da intanet igiyar Openreach guda su ke haya, ƙananan kamfanonin salula kuma turakun manya su ke hawa.

Akwai rauta mai ramin sa katin sim, wadda ke sa ido a kan hanyar farko, in ta ga ta mutu sai ta juya ta biyu da kanta. Kiran da a ke ciki ya kan yanke, domin adireshin kantin a intanet ya sake, amma ba da jimawa ba tarhon zai sake sa kansa cikin rajista, kira ya ci gaba da shigowa. Murya ba ta cin data mai yawa. Magana ta minti 1, zuwa da dawowa, megabait 1 ce da ɗan ɗori, watau awa guda ba ta kai megabait 100 ba. Sai dai ranar da aka koma ƙaramar hanya a hana kallon bidiyo da sauke manyan kaya a kanti, don kada su tare wa murya hanya.

Wani lokaci kuwa ɓarnar ta fi ƙarfin kamfani guda. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan igiyoyi 4 na ƙarƙashin teku, watau WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa. Intanet ya raunana ƙwarai a Kwaddibuwa da Laberiya da Benin da Gana da Nijeriya da wasu ƙasashe, hukumar sadarwa ta Gana kuma ta ce gyaran zai ɗauki aƙalla mako 5. A nan ne sanin inda kwamfutar kamfanin tarho ta ke ya ke da amfani. In tana Turai, to, kiran da mai kanti a Akara zai yi wa maƙwabcinsa ta tarhon intanet sai saƙonsa ya ƙetare teku ya komo. Kiran salula na cikin gida kuwa ba ya bukatar ƙetare teku. Don haka ɗan kasuwar da ke irin wannan wuri kada ya yar da layin salularsa na gida.

Hanya ta uku ita ce tauraron ɗan'adam. Tsofaffin taurarin sadarwa suna nisan kilomita kusan 36,000 daga ƙasa, hawa da saukar saƙo kaɗai na cin wajen rubu'in sakan, shi ya sa masu magana ta cikinsu kan yi karo da juna. Sababbin, irin na Starlink, suna wajen kilomita 550 ne, jinkirinsu kaɗan ne. A watan Fabrairu 2024, sa'ad da yaƙi ya sa layukan sadarwa suka mutu a yawancin Sudan, da irin waɗannan na'urori mutane da yawa suka riƙa jin ɗuriyar danginsu. A cikin shekarar ce kuma Gana ta ba kamfanin izinin aiki. Amma akwai tsada, na'urar tana cin wuta fiye da rauta nesa ba kusa ba, kuma ba kowace ƙasa ce dokarta ta yarda da ita ba.

KARKATAR DA KIRA

Akwai wata dabara wadda ta fi duk waɗannan araha, ita ce kuma babbar ribar sabon tsari. Tun da kowane kira sai ya fara isa kwamfutar kamfani, mai layi na iya barin umurni a can tun da wuri, cewa in aka nemi tarhon kanti bai amsa ba, a tura kiran zuwa lambar salula kaza. Ana iya jera lambobi, in ta farko ba ta ɗauka ba a wuce ta biyu, in duk ba a samu ba a ba mai kira damar barin saƙo.

A ɗauka wani mai aika kaya ne a unguwar Peckham ta Landan, da akawunsa guda. Da hantsi masu haƙar titi suka sare igiya. In bai yi shiri ba, duk wanda ya bugo ba zai same shi ba, shi kuwa yana iya yin awa guda yana mamakin rashin kasuwa kafin ya gane abin da ya faru. In ya yi shiri, kwamfutar kamfani za ta nemi tarhon tebur ta rasa, sai ta tura kiran salular akawu. Mai kira lambar da ya saba ya buga, murya ta amsa masa, bai ma san an yi wani abu ba. In mai kantin ne ke son kiran wani, sai ya buɗe manhajar kamfanin a salularsa, lambar kanti ce za ta fito wa wanda a ke kira.

Sharuɗɗan wannan dabara 3 ne. A shirya ta tun ana lafiya, domin ranar da intanet ya yanke shiga shafin kamfani don ba da umurni zai yi wuya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Salular da za a tura wa kiran ta zama ta wani kamfani dabam da mai intanet na kanti. A kuma tambayi kuɗin, domin wasu kamfanoni na cajin kowane minti na kiran da aka karkatar.

NA UKU, KAMFANIN DA KE RIƘE DA LAMBA

Saura abu na ƙarshe, wanda ya fi wuyar magani. In kwamfutar kamfanin tarhon ce da kanta ta faɗi, karkatar da kira ma ba zai yi aiki ba, domin ita ce mai karkatarwar. Wannan ya faru a watannin Satumba da Oktoba 2021, sa'ad da wasu 'yan damfara suka riƙa yi wa kamfanonin tarhon intanet a Birtaniya da Kanada da Amurka ambaliyar saƙonnin banza, har na'urorinsu suka kasa karɓar kiran gaskiya, sa'an nan suka nemi a biya su kafin su bari. Kamfanin VoIP.ms na Kanada ya yi kwanaki yana fama, abokan cinikinsa kuwa wayoyinsu na zuwa suna ɗaukewa.

Ana iya ɗauke lamba daga wani kamfani a mai da ita wani, amma wannan aikin kwanaki ne, ba ya maganin yau. Abin da mai kanti zai iya yi shi ne, kafin ya ɗauki layi, ya tambayi kamfanin ko na'urorinsa a gari guda su ke ko a garuruwa dabam dabam, da kuma inda ya ke sanar da mutane in wani abu ya lalace. Bayan haka ya mallaki lamba ta biyu daga wani kamfani, ko da ta salula ce, ya rubuta ta a allon kanti da rasit da katinsa tare da ta farko, don abokan ciniki su san ta tun kafin ranar bukata.

KIRAN GAGGAWA

Akwai wani gargaɗi da ya wuce batun ciniki, domin ya shafi rai. Tsohon tarho, da ya ke a ɗaure ya ke da sili, in aka buga 999 a Birtaniya ko 911 a Amurka, ma'aikatan gaggawa na ganin adireshin gidan ko da mai kira ya kasa magana. Tarhon intanet kuwa adireshin da mai shi ya rubuta wa kamfani shi a ke gani. Wanda ya tashi daga wani kanti ya koma wani bai sanar ba, motar asibiti ko ta kashe gobara na iya nufar tsohon wurin. Sai a gyara adireshi ranar da aka tashi. Haka kuma duk na'urar da a dā ke rataye da tsohon layi, kamar ƙararrawar ɓarayi da injin karɓar kuɗi da kati, a bincika ko za ta yi aiki da sabon.

GWAJI

Duk shirin da ba a gwada ba, zato ne. Hanyar gwajin kuwa mai sauƙi ce. Sau ɗaya a wata, a lokacin da kasuwa ta lafa, mai kanti ya kashe wutar kayan waya daga bango, ya ga ko batir ya karɓa, wani lokaci kuma ya bar shi ya ga awa nawa zai yi. Sa'an nan ya mai da wuta, ya zare igiyar intanet, ya duba agogo ya ga minti nawa rauta za ta ɗauka kafin ta juya hanya ta biyu. Daga ƙarshe ya kashe tarhon tebur ɗungum, ya sa wani ya bugo lambar kanti daga waje, ya ji ko salula za ta yi ƙara. Sau da yawa a nan ne a ke gano katin sim ɗin da aka ajiye an rufe shi don an daɗe ba a yi amfani da shi ba, ko kuwa lambar da a ke tura wa kira ta wani yaron kanti ce wanda ya bar aiki tun bara.

Bayan wannan, a rubuta a takarda, da alƙalami, lambar kamfanin intanet, da ta kamfanin tarho, da lambar asusun kanti a wurin kowannensu, da lambobin manyan abokan ciniki, a manna ta kusa da tarho inda kowane ma'aikaci zai gani. Takarda ba ta bukatar wuta.

A taƙaice, a dā gidan waya ne ke tanadin batir da hanya a madadin kowa, mai tarho nasa biyan kuɗi ne kurum. Yanzu lambar ta sami ƙafa, tana iya bin mai ita duk inda ya shiga, amma sai ya tanadar mata batir, da hanya ta biyu, da umurnin inda za ta nufa in ta rasa shi, ya kuma riƙa gwada su lokaci lokaci. Kuɗin wannan tanadi sau da yawa bai kai cinikin da a kan rasa cikin yini guda na shiru ba.

Ƙarshen jawabin wannan mako ke nan. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.